Jakar da Aka Buɗe wa Baƙi: Daga Sifawa Zuwa Shagari

Hanyar da ta bar Sakkwato ta nufi Jega, wadda ke ratsa Boɗinga da Shagari da Tambuwal, ba kasafai direbobi ke bin ta a tsanake ba. Da zarar an wuce Farfaru da mararrabar filin jirgin sama, gidaje sun fara ja da baya, sai direba ya gyara zama ya taka mota iya ƙarfinta. Mu shida ya loda a 'yar motarsa, biyu gaba huɗu baya, ga buhunan albasa a but da suka hana murfi rufuwa sai da aka sa igiya. Ƙarshen hunturu ne. Hazo ya sauko har ƙasa, gonakin gero sun zama fili fetal sai kututturan kara, jajayen awaki na kalen abin da ya saura. Can gefe wani raƙumi ɗauke da kara yana tafiyarsa ta ƙasaita, ko kallon kwalta bai yi ba.

Ɗan ƙanwata ne ya taso ni. Ya gama difloma a fannin kwamfuta, aiki bai samu ba, sai suka haɗa kai da wani malamin sakandare suka kama shago a Sifawa, suka zuba kwamfutoci 'yan gwanjo, suna koya wa yara yadda ake zana jarrabawar JAMB. Sana'a ce da ta samu gindin zama tun 2015, shekarar da hukumar ta ajiye takarda da fensir baki ɗaya ta koma kwamfuta. Yaron ƙauye yana iya sanin amsa sarai, amma idan ranar jarrabawa ce ranar da ya fara ɗora yatsa a kan madannai, tambaya 180 cikin awa biyu sai ta gagare shi. Shi ya sa iyaye ke biyan ɗan abin da ya sawwaƙa, yaro ya je hannunsa ya faɗa da danna A, B, C, D, da N na ci gaba, da P na komawa baya, tun kafin ranar ta zo.

"Kawu, abin ga ya ƙiya," in ji shi a waya, muryarsa na rawa. "Na canza mai wuri kamar yadda anka ce, yanzu ko shahin farko bai buɗewa. Ɗiyan mutane na zowa suna komawa."

Na ce ya karanto mini abin da ke kan allo. Ya ce lamba ce, 403, da kalmar Turanci mai nufin an hana. Na san ciwon. Na kuma san wuya ne a yi maganinsa ta waya da mutumin da hankalinsa ya riga ya tashi, don haka na ce ya bar kome yadda yake, kada ya ƙara taɓa ko harafi ɗaya.

A Boɗinga na sauka, don in sayi goro in riƙe wa mai gidan da yaron ke haya. Gari ne da matafiyi ke wucewa bai waiwaya ba, alhali a nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna a shekarun da yayansa Shehu Usmanu ke Sifawa, kafin ya tare a Gwandu. Tsakanin Boɗinga da Sifawa ba nisa. Ɗan kabu-kabu ya ɗauke ni, kafin in gama gyara jakar kwamfutata a kafaɗa mun iso.

Shagon ɗaki guda ne mai faɗi, an jera benci da tebura, kwamfutocin cinya a kai kowace da launinta, wasu an ɗaure musu murfi da salatif. Sola biyu a kan rufi, batir da inbata a lungu. Intanet kuwa babu, kuma ba a bukatarta. A ƙarƙashin teburin malam akwai wata tsohuwar kwamfutar ofis da aka ɗora a kan bulo saboda ƙura, ita ce uwar garke, ko saba kamar yadda yaran ke ce mata. Ubuntu ke cikinta, manhajar Apache kuma ita ke amsa kira. Kowace kwamfuta a ɗakin, da kowace waya da ta kama wayafai ɗin shagon, idan aka rubuta adireshin 192.168.0.10 a burauza, wurinta ake zuwa.

Aikin uwar garke bai canza ba tun wadda Tim Berners-Lee ya kunna a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janeba a ƙarshen 1990. Burauza ta ce ba ni fayil kaza, ita kuma ta duba ta miƙo. Tambayar ita ce, a ina za ta duba? Kwamfuta na ɗauke da dubban fayiloli, har da na sirri, ba zai yiwu a sakar wa kowa su ba. Sai aka ware jaka guda aka ce daga nan kaɗai za a riƙa ɗiba. Idan yaro ya nemi /lissafi/2019.html, Apache sai ya manna wannan a bayan sunan jakar, ya je can ya ɗauko. Jakar nan ita ce zauren gida: abin da mai gida ya ajiye a zaure baƙo na iya gani ya taɓa, abin da ke ciki kuwa sai da iso. A Ubuntu zauren da aka zo da shi shi ne /var/www/html, layin da ke nuna shi kuma sunansa DocumentRoot.

Na tambayi dalilin da ya sa aka tayar da jakar daga inda take. Yaron ya buga df -h ya juyo mini allo. Faifan farko, mai giga 128, ya cika maƙil kafin su kwashe kayan, har sakamakon gwajin yara ya daina ajiyuwa.

Ba tambayoyin JAMB suka cika shi ba. Tambayoyin shekara goma ba su kai nauyin bidiyo guda ba. Abokin aikinsa ne, malamin sakandaren, yake bin malaman zaure na yankin da wayarsa yana ɗaukar karatu, musamman na littattafan Shehu da na Malam Abdullahi, yana kuma ɗaukar hoton shafukan tsofaffin kwafi na hannu idan masu su sun yarda. Duk sai ya zuba a uwar garke. Da magariba dattawa da magidanta kan tsaya a ƙofar shago, su kama wayafai, su sauke karatun a wayoyinsu ba tare da sun ƙona ko sisin data ba. Da a wani ofis ne na tarar da haka, da na ce a goge rabin bidiyon a huta. A Sifawa bakina bai iya furta wannan ba.

Dalili kuwa, garin nan da rubutu aka san shi. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Shehu Usmanu ya baro Gwandu ya sauka a Sifawa wajen 1810, ya zauna har 1815 lokacin da ya koma Sakkwato, inda ya rasu a 1817. A zaman nan ne ya janye jikinsa daga hidimar mulki ta yau da kullum. A 1812 ya raba kulawar ƙasa, yamma a hannun ƙanensa Abdullahi, gabas a hannun ɗansa Muhammadu Bello, shi kuma ya koma ga abin da ya fi so, karantarwa da wallafa. Littattafai irin su Najmul Ikhwan na wannan zamani ne. A daidai shekarun ne Bello ya kammala Infaƙul Maisuri, a 1812, Abdullahi kuma ya kammala Tazyinul Waraƙati a 1813. Babu injin ɗab'i a ƙasar. Ɗalibi ne zai zo daga Katsina ko Zazzau ko Bauchi, ya zauna da tawada da alƙalamin kara ya kwafe littafi shafi bayan shafi, ya ɗaure a gafaka ya koma da shi gida, can ma wasu su kwafa daga nasa. Wanda ya tsaya a ƙofar shagon nan da waya a hannu yana jiran karatu ya gama sauka, a layin waɗancan yake, ko ya sani ko bai sani ba. Don haka shawarar da suka yanke ta sayo sabon faifai mai tera guda ita ce daidai.

Kuma yawancin abin da yaron ya yi daidai ne. Ya ɗaura sabon faifan a /srv/makaranta, ya kwashe fayiloli zuwa can, ya buɗe /etc/apache2/sites-available/000-default.conf ya sauya layin DocumentRoot. Inda ya yi gaggawa shi ne goge tsohuwar jakar nan take don ya samu fili, ya toshe wa kansa hanyar komawa. Ni a wurina ba a goge tsohuwa sai sabuwa ta kwana ta tashi lafiya.

"Ka duba littafin kurakurai?" na tambaye shi.

"Wane littahi, Kawu?"

Wannan amsa ita ta fi 403 ɗin damuna. An koya musu zana shafi, an koya musu haddace ma'anar kalmomi don cin jarrabawa, amma ba wanda ya gaya musu cewa injin yana rubuta kokensa a wani wuri duk lokacin da ya ƙi yin abu. Na sa ya buɗe /var/log/apache2/error.log da hannunsa. Layi ɗaya ne ke ta maimaituwa, ɗaruruwa, kowane yaro da ya gwada ya bar nasa: AH01630, wato tsarin da aka rubuta wa uwar garken ne da kansa ya hana shiga.

Abin da ke faruwa shi ne, Apache ba ya ɗaukar nuna masa jaka a matsayin izinin raba abin da ke cikinta. Magana biyu ce daban. A cikin /etc/apache2/apache2.conf akwai sashen da ya kulle faifai gaba ɗaya tun daga tushe, sannan wasu sassa suka zo suka buɗe /var/www da /usr/share su kaɗai. Duk jakar da ke wajen nan a kulle take har sai an ambace ta da suna. Na gangara da shi ƙasa kaɗan na nuna masa wani abu: masu shirya manhajar sun ma rubuta sashen buɗe /srv sun ajiye, sai dai sun sa alamar # a gaban kowane layi don kada ya yi aiki sai wanda ke bukata ya cire. Yaron ya daɗe yana kallon layukan, sannan ya ce, "Ashe yana nan tun tuni."

Ban bari ya cire alamomin ba, don wannan zai buɗe /srv ɗungurungum. Na ce mu fara leƙa abin da ke cikin /srv/makaranta tukuna. Ga jakar gwaji, ga ta karatu, ga ta hotunan rubutun hannu. Sai kuma ga wata mai suna ajiya, cikinta akwai kwafin rumbun tambayoyi da amsoshinsu a fayil mai ƙarewa da .sql, da jadawalin waɗanda suka biya kuɗi da waɗanda ake bi bashi, da lambobin wayar iyaye. Da 403 bai tare hanya ba, da duk wannan yana zaure. Saboda irin haka ne masu manhajar karatu ta Moodle ke nanata cewa jakar bayananta dole ta zauna a wajen jakar da ake rabawa. Muka ƙirƙiri sabuwar jaka, /srv/makaranta/fili, muka tura abin da aka yi don jama'a cikinta, ajiya kuma ta tsaya a gefe, a faifai guda amma inda burauza ba ta da hanyar kaiwa. DocumentRoot ya koma kan fili. A ƙarƙashinsa muka rubuta sashen Directory mai sunan wannan jaka kaɗai, da layin Require all granted.

Yaron ya so ya ƙara wasu layuka biyu da ya kwafo daga wani bidiyo, Order da Allow. Na tsohon Apache ne, 2.2. Tun da 2.4 ya fito a 2012 aka koma Require, kuma cakuɗa su wuri guda ba ya haifar da kome sai ciwon kai. Rabin wahalar masu koyo daga bidiyo ke nan, ba mai duba shekarar da aka ɗauke shi.

Ya buga apachectl configtest, injin ya ce Syntax OK. Ya buga systemctl reload apache2. Wata yarinya da ta ƙi tafiya gida tun safe, tana zaune a bencin baya da hijabinta da littafin kimiyya a cinya, ita ta fara cewa, "Malam, ya buɗe!"

Ya buɗe, amma ba duka ba. Gwaji na aiki, jakar karatu kuwa 403 ɗinta na nan daram. Wannan karon ban ce kome ba. Ya dube ni, ya dubi allo, ya koma littafin kurakurai da kansa. Lambar ta canza, AH00035: an rasa izinin ratsawa a wani mataki na hanyar. Ƙofa ta biyu ke nan, kuma ba ta Apache ba ce, ta Linux ce. Apache ba da sunan mai kwamfuta yake yawo a cikin faifai ba, da sunan wani bawan Allah mara galihu yake yi, www-data, wanda da gangan aka hana shi kusan kome. Kafin ya kai ga fayil sai kowace jaka da ke kan hanya ta ba shi izinin wucewa. Umarnin namei -l ya jero mana matakan ɗaya bayan ɗaya, sai ga jakar karatu da 700, ma'ana mai ita kaɗai ke shiga.

"In sa mai 777, Kawu? Haka mutumin bidiyon ya yi, nan take ya buɗe."

Zai buɗe kam. Lambobin nan lissafi ne mai sauƙi: 4 karantawa, 2 rubutawa, 1 ratsawa, a tara su. Gurbi na farko na mai fayil ne, na biyu na ƙungiyarsa, na uku na sauran duniya. Bakwai uku na nufin kowa ya karanta, kowa ya rubuta, kowa ya goge, har da www-data. Ranar da wani yaro mai ƙiriniya ya gano ɓaraka a shafin ɗora hoto, to karatun da malam ya shekara yana tarawa yana hannunsa. Muka ba jakunkuna 755, fayiloli 644. Jaka guda tak, wadda manhajar gwaji ke ajiye hoton ɗalibai, ita muka mallaka wa www-data. Muryar wani malami tana karanta Larabci tana fassarawa da Sakkwatanci ta cika ɗakin daga 'yar lasifikar kwamfuta.

Mai gidan ya leƙo bayan la'asar, dattijo mai farin gemu da carbi a hannu. Na durƙusa muka gaisa, na miƙa goro.

"Sannunku da aiki, Malam. Injin ya tashi?"

"Ya tashi, Baba, da izinin Allah."

"To madalla. Kwana ukku ban samu na asuba ba." Karatun da yake saurare bayan sallar asuba yake nufi. Ya zaro waya daga aljihun gaba ya miƙa wa yaron ba tare da ya ƙara magana ba.

Yaron ya so mu rufe shago mu tafi cin tuwo. Na ce saura gwaji ɗaya, a kashe uwar garken a sake kunnawa. Ya yi jim, don mai gyara ba ya son taɓa abin da ya fara aiki. Amma a garin da batir ke ƙarewa tsakar dare inbata ta yi ƙara ta mutu, injin da bai iya tashi da kansa ba bai gyaru ba. Aka kashe, aka kunna. Kowane shafi ya ƙi buɗewa. Sabon faifan da hannu ya ɗaura shi, bai rubuta shi a /etc/fstab ba, saboda haka da injin ya farka /srv/makaranta ta zama jaka wofi. Muka nemo lambar faifan ta dindindin da blkid muka rubuta ta a can. Ban yarda a sa sunan sdb ba, don wannan suna na iya komawa kan filas idan wani ya manta shi a jiki lokacin kunnawa. Aka sake kashewa, aka kunna, kome ya dawo. Sannan muka ci tuwon, da miyar kuka da man shanu, aka biyo da fura mai sanyi daga randa.

Da safe ya roƙe ni mu ƙarasa Shagari, wai abokinsa na da irin wannan shago, yana so in sa masa albarka. Motar da muka samu ta 'yan kasuwa ce, tafiyar ba ta da tsawo. Shagari gari ne da sunansa ya fi shi girma. Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa ƙarshen 1983, a nan aka haife shi a 1925, a nan kuma aka binne shi a Disambar 2018. Mutane kan manta cewa malamin makaranta ne kafin siyasa, har ya tsara Waƙar Nijeriya don yara su san ƙasarsu da harshen da suke ji. Ba mu tsaya ziyara ba, abokin na ta kira.

Shagonsa ya fi na Sifawa kasuwa. Ana hoton fasfo, ana fotokwafi, ana buga takardar NIN, wadda tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da ita, ga kuma kwamfutocin gwaji a ɗaki na ciki. Shi Windows yake amfani da ita, da XAMPP, kunshin da ke zuwa da Apache a shirye, jakarsa ta asali C:\xampp\htdocs. Shi ma faifan C ya cika masa watannin baya. Da ya ji labarin wahalar da muka sha sai ya yi dariya.

"Ni ban sha wagga wahala ba, Kawu. Layi biyu na canza cikin httpd.conf, na danna Stop na danna Start, shi ke nan. Ko sau ɗaya bai ba ni 403 ba."

Ya buɗe fayil ɗin yana nuna mini da alfahari. Gaskiyarsa, ya fi ɗan ƙanwata lura: ya gane cewa layin DocumentRoot da na Directory tare suke tafiya, ya canza su duka biyun. Abin da ya rubuta a cikinsu shi ne "D:/". Faifan D ɗungum.

Na nemi kalmar sirrin wayafai, ya nuna mini bango, an rubuta ta da alli don kwastomomi. Na kama da wayata. Adireshin da yake ba yara yana ƙarewa da /gwaji. Na goge wannan wutsiyar, na bar lambobin kaɗai, na danna. Sai ga jeri ya sauko, shuɗin rubutu a kan fari: gwaji, amsoshi, fasfo, NIN, bikin Yaya, bashi. Na taɓa NIN. Takardun mutane ne, kowace da hoto da lamba da adireshi. Na miƙa masa wayar.

Bai ce uffan ba. Ya zauna a kan kujerar ɗaukar hoto, ya cire hula ya riƙe.

XAMPP na zuwa da kalmar Indexes a kunne, wadda ke sa Apache ya jero abin da ke cikin jaka idan bai tarar da shafin farko a ciki ba. Masu shi ba su ɓoye ba cewa don gwaji a kwamfutar mai rubuta shafi aka yi shi, ba don a buɗe wa jama'a ba. Amma laifin ba na XAMPP ba ne. An tambayi mutum ina ne zaurenka, ya nuna gidan gaba ɗaya har da ɗakin kwana. Tsakanin shagunan nan biyu, na Sifawa ne ya yi sa'a. Matsalarsa ta yi ihu, ta kori kwastomomi, ta hana mai ita barci har aka nemo mai gyara, kuma ba abin da ya fita. Ta Shagari shiru ta yi, kome na tafiya sumul, mai shago na yabon kansa. Wanda ya canza jakar uwar garke yakan gwada abu ɗaya ne, ko abin da yake so a gani ya buɗe. Kaɗan ne ke zama su gwada ko abin da ba su so a gani ya ƙi buɗewa, alhali minti biyu ne da waya a hannu.

Gyaran bai ɗauki lokaci ba, kuma ɗan ƙanwata na bar wa, don na ga hannunsa na ƙaiƙayi. Ya buɗe sabuwar jaka, D:/shafi, ya tura gwaji cikinta ita kaɗai, ya gyara layukan biyu. Abokin ya ce ai da an cire Indexes ɗin kawai ya wadatar. Yaron ya girgiza kai kafin in buɗe baki. Cire ta na ɓoye jerin ne kurum, wanda ya riga ya san sunan fayil zai rubuta shi ya samu. Suka yi duka biyun. Aka danna Stop, aka danna Start. Na sake neman NIN a wayata, 404.

"To waɗanda sunka riga sunka gani hwa?" in ji mai shagon, a hankali.

Wannan ma a rubuce yake. Banda littafin kurakurai, Apache na da na baƙi, access.log, a cikin C:\xampp\apache\logs. Kowace buƙata layi guda: adireshin na'urar da ta nema, rana da lokaci, abin da aka nema, sannan lambar sakamako, 200 idan an bayar. Muka buɗe shi, ya yi nauyi har kwamfutar ta ɗan daskare. Muka nemi kalmar NIN. Layukan da suka fito duk na ranar ne, kuma adireshin wayata ne. Ya sauke ajiyar zuciya, ya ce alhamdu lillahi har sau uku, ya mayar da hularsa.

Sannan muka nemi amsoshi.

Allon ya cika. Adireshi daban-daban, wayoyi daban-daban, 200 a ƙarshen kowane layi. Da muka duba ranakun sai muka ga kusan duk yammacin Juma'a ne, shi kuwa ranar Asabar yake yi wa yara babban gwaji mai maki 400. Ashe wani ya gano hanyar tun makonnin farko, ya kuma yi zumunci da ita. Mai shagon ya fara kiran sunayen yaran da ke cin sama da 300 a wurinsa, waɗanda ya liƙa sakamakonsu a ƙofa, waɗanda ya je har gida ya ce wa iyayensu su fara shirin kuɗin jami'a. Ɗaya daga cikinsu, in ji shi, ko jadawalin sau bakwai bai riƙe ba, ya daɗe yana mamakin abin.

Ɗan ƙanwata ya ce zai turo masa tambayoyin Sifawa a filas, tunda nasu ba su taɓa fita ba. Suka zauna suna lissafin darussan da za a musanya, wa ke da kimiyyar sinadarai mai kyau, wa ke da Turanci. Na tambayi mai shagon ko zai kira yaran ya yi musu faɗa.

"A'a, Kawu, ba ni ce musu komi," ya ce, yana ɓamɓare takardar sakamakon daga jikin ƙofa. "Su zo ran Assabar kamar kullum. Kowa ya zamna inda ya saba zama."